Ahmed Musa: wasa biyu ne suka yi shi, ko tarihi ne da shi?

Ɗan Gwallameji: Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, kuma na san za a yi mini ca, amma a yi haƙuri. Ni a wurina wasa biyu ne suka yi Ahmed Musa: na Ajantina a 2014 da na Iceland a 2018, duka a gasar cin kofin duniya. Ka cire ƙwallaye huɗun nan, me ya rage? Ya je Leicester ya kasa. Daga nan sai Saudiyya yana ɗan shekara 25, lokacin da sa'o'insa ke tsakiyar ganiyarsu a Turai. Ya je Turkiyya ba mu ji ɗuriyarsa ba. Mutumin kirki ne, yana taimakon jama'a, Allah ya saka masa. Amma maganar ƙwallo nake yi, ba maganar kyauta ba.

Na Pantami: Wa alaikumus salam. Yau kuma da Mansa Musa aka tashi? To Allah ya raba mu da rana zafi inuwa ƙuna.

Baban Ummi Ƙofar Ran: Yaro, shekararka nawa a 2010?

Ɗan Gwallameji: Baba, ina firamare. Amma ai akwai YouTube.

Baban Ummi Ƙofar Ran: To ka zauna ka ji abin da YouTube ba ta ajiye maka ba. A kakar 2009/2010 yaron nan yana Kano Pillars, bai cika shekara 18 ba, ya ci ƙwallo 18 a gasar Firimiyar Najeriya. Kafin shi, tun 1990 da Ishaya Jatau ya ci 17 ba wanda ya wuce wannan adadi. Shekara ashirin ke nan. Kuma ka san gasarmu ta wancan lokaci: in ka fita waje, kunnen doki ma sai ka yi da gaske, fili duk rami, ɗan baya ya ɗauke ka da ƙafa biyu rafali ya kau da kai. A irin wannan yanayi ɗan siririn yaro daga Jos ya ci 18. Daga baya Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20, Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23 a 2014, amma shi ya fara buɗe ƙofar. Mu nan Bauchi mun san nauyin 18, don Godwin Obaje da ya ci 18 wa Wikki a 2016 har gobe ana ambatonsa a majalisa. Shi kuwa Musa da wannan adadi ya fara sana'a.

Ɗan Gwallameji: Na yarda da wannan, Baba. Amma ai gasar gida ce. Ni Turai nake nufi.

Koci na Fadaman Mada: Rasha ba Turai ba ce? Matsalarku ke nan 'yan gidan kallo. Duk abin da ba a haska muku ranar Asabar da yamma ba, a wurinku bai faru ba. Bari in bi maka shi daki-daki.

Daga Pillars VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010. Sai da ma aka jira ya cika 18 a ranar 14 ga Oktoba kafin ya fara buga musu, saboda dokar FIFA kan ƙananan yara. Venlo ƙaramin kulob ne mai fafutukar kada ya faɗi, ba Ajax ba ce. Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi, a Janairun 2012 CSKA Moscow ta saye shi. Wata ɗaya bayan zuwansa yana fili da Real Madrid a zagayen 'yan 16 na Kofin Zakarun Turai, aka tashi 1-1 a Mosko. A CSKA ya ɗauki gasar Rasha sau uku, 2013 da 2014 da 2016, ya ɗauki kofin ƙalubale na Rasha a 2013. Kuma kada ka ce gasar banza ce. A lokacin Zenit ta zuba kuɗi ta sayo Hulk da Witsel, Anzhi tana da Eto'o da Willian. Da waɗannan ake tseren, kuma CSKA ce ke shiga gabansu.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne a gefe aka saye shi ya buga. Da Seydou Doumbia ya ji rauni a kakar 2012/2013, sai koci Leonid Slutsky ya mayar da shi tsakiya a matsayin lamba tara, aka kuma ɗauki kofi da shi a haka. A kakarsa ta ƙarshe kafin Leicester ya ci 13 a gasar. Ɗan Jos, a garin da ƙanƙara ke rufe fili. Ka je ka nemo mini 'yan Najeriya nawa ne suka ɗauki gasar wata ƙasar Turai sau uku suna cikin sha ɗayan farko.

Maman Khalifa: Koci, ka manta ka ce shi ma Honda na Japan daga Venlo ya tafi CSKA. Hanya ce da aka riga aka share.

Koci na Fadaman Mada: Haka ne Hajiya, sun ma buga tare a Mosko. Ashe ana bibiya.

Maman Khalifa: A gidan da maigida da 'ya'ya maza huɗu ke riƙe da rimot, ko ba ka so sai ka zama masani.

Ɗan Gwallameji: To duk na ji. Mu zo Leicester. Sun biya wajen fam miliyan 16, kuɗi mafi yawa da suka taɓa sayen ɗan wasa a lokacin. Wasa 21 a Firimiya, ƙwallo 2. Ɗaya a ragar Crystal Palace, ɗaya a ragar Tottenham. A nan ne ake gane ɗan ƙwallo, kuma a nan ya faɗi. Ko akwai mai musu?

Malam na Yalwa: Ba mai musu cewa bai yi nasara a can ba. Tambayar ita ce me ya sa. Ni a ganina cinikin ne tun farko bai yi ba, ba ɗan wasan ba.

Duba yadda Leicester ta ɗauki kofi a 2016. Suna ja da baya, su bar wa abokan karawa ƙwallo, Kante ya ƙwace, Drinkwater ko Mahrez ya cilla ta bayan 'yan baya, Vardy ya bi da gudu. Vardy ya ci 24 a haka. To wane irin ɗan wasa ne Musa? Shi ma irin wannan ƙwallon yake so, a jefa masa gaba ya bi. Ka ga an sayo mutumin da aikinsa akwai mai yi, kuma mai yin shi ne sarkin kulob ɗin. Ba za a ajiye Vardy ba. A dama akwai Mahrez. A hagu akwai Albrighton, wanda Ranieri ke so saboda yana komawa baya ya tare, ga kuma Demarai Gray. Bayan 'yan makonni suka ƙara sayo Slimani da kuɗin da ya fi na Musa. Ina zai tsaya?

Na biyu, a wannan kakar Kante ya koma Chelsea, sannan duk ƙungiyoyin Ingila sun gane lagon Leicester. Ba wanda ke matsowa gaba ya bar musu fili a baya kamar da. Ɗan wasan da makaminsa gudu ne, in ka hana shi fili ka gama da shi. Kulob ɗin gaba ɗaya ya rikice, har aka kori Ranieri a Fabrairun 2017, wata tara bayan ya ɗauki kofi. Wanda ya kawo ka an kore shi, Shakespeare da ya gaje shi ya koma kan tsofaffin yaran da suka ci kofi, Puel ya zo bai ko kalle shi ba.

Ɗan Gwallameji: Malam, wannan ai uzuri ne. Babban ɗan wasa shi ke ƙwatar wa kansa wuri. Ndidi ya zo Leicester ɗin nan a Janairun 2017, cikin wannan rikicin, ya kama wuri har shekara takwas.

Malam na Yalwa: Ndidi ya zo ya tarar da gurbin Kante a buɗe, ana neman mai cike shi ido rufe. Musa ya zo ya tarar da mai gurbin yana zaune daram. Ba ɗaya ba ne.

Na Pantami: Ni dai abin da ba zan manta ba shi ne wasan share fage da Barcelona a watan Agustan 2016. Ya ci biyu. Ta farkon nan da ya ɗauko daga tsakiyar fili ya ratsa su da gudu, wallahi a gidan kallon da muke a Gombe sai da benci ya karye. Muka ce shi ke nan, Ingila ta shiga uku. Ashe mu ne za mu shiga uku da jiran a sako shi.

Oga Sabo Mai Gidan Ƙwallo: Kuma ya ci Everton biyu a kofin FA a Janairun 2017, bayan an sako shi daga benci, ya farke ci ɗayan da aka yi musu ya kuma ƙara ta biyu. Suka ci 2-1 a Goodison. Ni na haska wasan. Mako biyu bayan nan ya koma benci.

Baban Ummi Ƙofar Ran: Ni ba zan rufe ido in ce ba shi da rauni ba. Yana da shi. In ka ba shi ƙwallo a ƙafa, 'yan baya biyu na gabansa a tsaye, ba irin Okocha ba ne da zai yi musu rawa. Kurosin ɗinsa sau da yawa ko ta wuce kan kowa ko ta bugi mutum na farko. Akwai ranakun da zai yi ta gudu a gefen layi ka rasa abin da ya ƙulla. Duk wanda ya kalli Super Eagles da ƙananan ƙasashen da ke zuwa su tare gida a Uyo ya ga wannan. Amma ka ba shi fili, ka sa shi kusa da raga maimakon gefen layi, sai ka ga wani mutum dabam. Kociyoyin Najeriya sun fi shekara goma suna ajiye shi a gefe, alhali manyan ƙwallayensa kusan duka ta tsakiya ya ci su ko ya yanko ciki.

Koci na Fadaman Mada: Baba ya taɓo inda nake so. Mu ɗauki wasan Iceland ɗin da Ɗan Gwallameji ke rainawa. Wasan farko da Kuroshiya, Rohr ya ajiye shi a benci, aka ci mu 2-0, ba mu ko yi barazana ba. Wasa na biyu a Volgograd, 22 ga Yunin 2018, ya canza tsari, 'yan baya uku, Musa da Iheanacho a gaba. Zagayen farko ko harbi ɗaya ba mu kai raga ba. Aka dawo hutu. Minti na 49, Iceland sun taho da irin doguwar jifar nan tasu, aka fitar da ita, Victor Moses ya kwasa ta dama ya kurosa. Ƙwallon ba ta zo masa daidai ba, ta ɗan yi sama kuma tana neman wuce shi. Ya miƙa ƙafar dama ya tsayar da ita a iska, ta faɗo ta yi tsalle ɗaya, ya ɗirka ta ƙarƙashin ƙarfen sama. Ni ina koyar da yara ƙwallo, na san abin da taɓawar farkon nan ke nufi. Yaro zai yi wata yana gwadawa bai samu ba, shi kuma ya yi ta a guje, ɗan baya na manne da shi, duniya na kallo.

Ta biyu, minti na 75. Omeruo ya cillo doguwa ta hagu. Ya tsere wa ɗan bayan, ya yanko ciki, gola ya fito, ya kewaye shi. A nan mafi yawan 'yan wasanmu za su rufe ido su harba. Shi sai da ya ƙara taɓawa, ya ɗaga kai ya ga 'yan baya biyu sun koma kan layi, ya zaɓi inda zai sa ta. Kafin wannan ma ya buga wata ta daki ƙarfe. Wanda ya ce mutumin nan gudu kawai ya iya, bai kalli ƙwallon nan da idon basira ba.

Oga Sabo Mai Gidan Ƙwallo: Ranar nan ana dab da cin ta biyu aka ɗauke wuta. Kafin yarona ya tayar da janareta sai muka ji ihu daga gidan kallon da ke bayanmu. Mutane suka fice da gudu ba wanda ya tsaya karɓar canji. Wasu ma ba su biya ba, na yafe.

Ɗan Gwallameji: To ai kun dawo kan maganata. Wasa biyu.

Maman Khalifa: Ɗana, wasa biyun a ina aka buga su? A filin makarantar firamare? Tun 1994 Najeriya ke zuwa gasar cin kofin duniya. Yekini ya je, Amokachi, Amunike, Okocha, Kanu, Martins, Yakubu, duk sun je. Ba wanda ya ci biyu a wasa ɗaya sai Musa, kuma sau biyu ya yi. Ba wanda ya kai ƙwallo huɗu sai shi. A Afirka gaba ɗaya ana lissafa Asamoah Gyan mai 6, Roger Milla mai 5, sannan a zo layin su Musa. Na Ajantina kuwa, Messi ya ci a minti na 3, kafin su gama murna Musa ya farke a minti na 4. Messi ya sake ci da bugun tazara dab da hutu, ana dawowa Musa ya sake farkewa. Ba don Rojo ya tura wata da gwiwa daga kwana ba, da 2-2 za a tashi da ƙasar da ta kai wasan ƙarshe a shekarar.

Na Pantami: Rojo ɗin nan dai Allah ya isa. 2014 shi, 2018 ma shi, minti na 86.

Admin: A daina Allah ya isa a zauren nan, Na Pantami. Mutumin aikinsa ya yi.

Na Pantami: Na janye, ranka ya daɗe. Amma zuciyata ba ta janye ba.

Malam na Yalwa: Kuma ba wasa biyu ba ne ko a rigar ƙasa. Yana cikin yaran Keshi da suka ɗauko kofin Afirka a 2013, shi ya ci ta huɗu a wasan kusa da na ƙarshe da aka lallasa Mali 4-1 a Durban. Yana nan aka zo na uku a Masar a 2019. Ya fara buga wa ƙasa tun 2010, ya wuce Yobo da Enyeama a yawan wasanni, ya haura 100. Kociyoyi nawa aka yi a tsakanin nan? Siasia, Keshi, Oliseh, Rohr, Eguavoen, Peseiro, kowa ya zo sai ya kira shi. Ba zai yiwu a ce dukansu ba su san ƙwallo ba.

Ɗan Gwallameji: Yauwa Malam, ka kawo ni inda nake jira. Wasa sama da 100, ƙwallo ba ta kai 20 ba. Yekini 37 ya ci a wasannin da ba su kai nasa ba. Osimhen ya wuce shi tuntuni. Sannan shekarun ƙarshen nan fa? An kai shi kofin Afirka a Kwaddibuwa, har aka je wasan ƙarshe bai taɓa ƙwallo ba. Gurbin da wani yaro mai tashe zai samu aka ba shi don kawai kyaftin ne. Mu faɗi gaskiya ko da namu ne.

Baban Ummi Ƙofar Ran: A nan kam ina tare da kai rabi. Daga 2021 zuwa sama ƙafa ta riga ta fara sanyi, kuma wanda ƙwallonsa gudu ne, in gudu ya ragu ba shi da wurin ɓuya. Da ni ne shi, bayan Ghana ta hana mu zuwa Qatar a Abuja a 2022 zan ce na gode, in ajiye. Amma gwada shi da Yekini zalunci ne. Yekini lamba tara ne da aka gina ƙungiya a kansa. Shi wannan an fi sa shi a gefe, kuma wasanninsa da yawa na ƙarshe minti goma ne ko biyar.

Koci na Fadaman Mada: Maganar gurbi kuma, an tafi Kwaddibuwa da 'yan wasa 25. Duk koci yana tafiya da mutum ɗaya ko biyu da ya san ba don fili ya ɗauke su ba. Wanda bai taɓa riƙe ƙungiya ba ba zai gane ba. Ni da yara 'yan ƙasa da 15 nake aiki, amma in babu babba ɗaya da suke jin maganarsa, ranar da aka hana su kuɗin mota ba mai fitowa fili. Ina ga sansanin da kowa miloniya ne, kuma kullum ana rigimar alawus?

Ɗan Gwallameji: To a ba shi muƙamin mai ba da shawara mana, a bar riga ga mai bugawa.

Koci na Fadaman Mada: Maganar mai riga dabam take da ta mai kwat a kunnen ɗan wasa.

Alhaji Bakin Kura: Ina ta karatu ban ce komai ba. Ni abin da ya dame ni da ku yaran yanzu shi ne kun ɗauka da Musa aka fara ƙwallo a Arewa. Ina kuka bar Tijjani Babangida? Shi ma ya buga Venlo ɗin nan tun farkon shekarun 1990, ya wuce Roda, ya je Ajax lokacin Ajax tana Ajax. Zinare a Atlanta 1996. Ƙwallo biyun da ya ci Afirka ta Kudu a Legas a 2000, wasan kusa da na ƙarshe, wa ya manta? Ga Garba Lawal da ya sa Zubizarreta ya tura ƙwallo ragarsa a 1998. Ga Amokachi, haifaffen Kaduna, da ya ɗauki kofin FA da Everton a 1995. In gudu ne, Babangida bai bar wa kowa ba.

Maman Khalifa: Alhaji, ba wanda ya raina su. Amma Babangida a ƙungiyar da ke da Finidi ya tashi, rabin rayuwarsa a rigar ƙasa daga benci yake shigowa. Musa kuwa akwai shekarun da in bai ci ba, ba mai ci.

Alhaji Bakin Kura: Wannan ai shaida ce a kan lalacewar ƙungiyar, Hajiya, ba a kan girmansa ba. A sa Musa a tawagar 1994, wa zai cire? Finidi ko Amunike?

Malam na Yalwa: Alhaji, a tawagar 1994 Ikpeba ma bai ga fili ba a Amurka, kuma bayan shekara uku ya zama gwarzon Afirka. Wannan ma'aunin ba wanda zai tsallake shi.

Na Pantami: Ni fa ku dawo da ni maganar Saudiyya. Lokacin da ya tafi Al-Nassr a 2018 zagin da bai sha ba kaɗan ne, wai ya bi kuɗi ya kashe kansa. Ya je ya ɗauki gasar a kakarsa ta farko. Bayan shekara huɗu Ronaldo ya sauka a wannan kulob ɗin dai, sai ga su Mane da Benzema da Neymar sun biyo sahu zuwa ƙasar, masu zagin nan kuma suka koma sayen rigar Al-Nassr a kasuwa.

Ɗan Gwallameji: Ronaldo yana da shekara 37 ya je, bayan ya gama cinye komai. Musa yana 25, makonni kaɗan bayan ya girgiza duniya. Ga shi ya koma CSKA aro a farkon 2018 ya ci 6 a wasa 10, ƙafarsa na kan ganiya. A lokacin ne ya kamata ya nemi wani kulob a Jamus ko Faransa ko Italiya ya wanke sunansa. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan, ba ƙiyayya ba ce.

Baban Ummi Ƙofar Ran: Wannan ita ce magana mafi ƙarfi da ka yi tun safe. Ta fuskar ƙwallo zalla, tafiyar ta yi wuri. Amma ɗan ƙwallonmu ba shi kaɗai yake cin albashinsa ba. Akwai dangi, akwai unguwa, akwai abokan da aka taso tare. Sana'a ce ta shekara goma sha biyar in Allah ya tsare gwiwa. Mu nan garin mun san tsofaffin 'yan wasan da muka yi wa tafi a filin Abubakar Tafawa Balewa, yau in ka gan su sai ka kau da kai don kunya. Wani ƙanena ya buga wa wani kulob na gwamnati kaka biyu, har yau kuɗin sa hannunsa bai fito ba, takalmansa ma shi ya saya. Wanda ya taso ya ga irin wannan, aka ajiye masa kwantiragin Larabawa a gabansa, ba ni ne zan ce masa ya ƙi ba. Kuma an ga inda kuɗin ya shiga. Cibiyar wasannin da ya gina a Hotoro a Kano tana nan, mutane na cin abinci a ciki.

Ɗan Gwallameji: Baba, na ce a farko ba maganar kyauta nake ba.

Baban Ummi Ƙofar Ran: Ni ma ba ita nake ba. Dalilin tafiya ka tambaya.

Oga Sabo Mai Gidan Ƙwallo: Ni a matsayina na mai cin abinci da ƙwallon Turai, bari in faɗi abin da ya fi burge ni, ko da yana rage mini ciniki. Dawowarsa Pillars. Da ya rabu da Al-Nassr a ƙarshen 2020 ya zauna ba kulob, a 2021 ya zo ya buga musu na ɗan lokaci kafin ya tafi Karagumruk, mutane suka ce motsa jiki ya zo yi. To a 2024 bayan Sivasspor ya sake dawowa, shi da Shehu Abdullahi, wasansa na farko ya ci Sunshine Stars biyu. Kyaftin ɗin ƙasa, wanda ya ci Ajantina, ya shiga motar ƙungiya ya bi hanyoyin nan namu da muka sani. Manyan 'yan wasanmu nawa ne suka yi haka? Yekini ya yi, Amokachi ya ɗan taɓa. Yawanci gara su ƙare a rukuni na biyu a wata ƙasar da ba a san ta da ƙwallo ba da su dawo gida.

Na Pantami: Gaskiya ne. Duk garin da Pillars ta je a lokacin sai fili ya cika. Yaran da ba su san hanyar filin Pantami ba sai ga su suna tambayar yaushe Pillars za ta zo.

Alhaji Bakin Kura: Za ta zo ta sami kulob ɗinku na Gombe a wane rukuni?

Na Pantami: Alhaji, a bar tone-tone. Ku 'yan Wikki da kuka ɗauki kofi tun 1998 kuke ta ba mu labarinsa har yau.

Alhaji Bakin Kura: Mu dai muna da labarin bayarwa.

Admin: Bauchi da Gombe, a koma kan batu.

Malam na Yalwa: Batun da ni nake ganin ya fi cancantar muhawara yanzu shi ne muƙamin da gwamnatin Kano ta ba shi a 2025, na babban manajan Pillars, alhali bai ajiye takalmi ba. Ta yaya koci zai ajiye manajansa a benci? In ɗan wasa na bin albashi, wurin wa zai kai ƙara, wurin wanda suke canza riga a ɗaki ɗaya? Ina ƙaunarsa, amma wannan haɗin bai kwanta mini ba. Ko fili ko ofis.

Koci na Fadaman Mada: Ni kuma ina ganin gara shi da ɗan siyasar da bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba. Aƙalla ya ga yadda ake tafiyar da kulob a Holan da Rasha da Ingila. Ya san ɗan wasa na buƙatar likita, da abinci, da fili mai ciyawa, da albashi a kan lokaci.

Malam na Yalwa: Sanin abin da ake buƙata dabam, iya fito da kuɗin daga ma'aikatar gwamnati dabam. Kulob ɗinmu yawancinsu a hannun gwamnoni suke, matsalar ke nan, ko wa ka naɗa.

Maman Khalifa: Ɗan Gwallameji ya yi shiru. Ko data ta ƙare?

Ɗan Gwallameji: Ina nan, Mama, lacca muka shiga. Maganar Rasha na karɓa, a mayar da wasa biyu su zama kaka huɗu da wasa biyu. Amma Leicester da tafiya Saudiyya ina nan a kan bakana, kuma Baba ma ya ba ni rabi. Koci, in ka samu bidiyon ƙwallayensa na CSKA ka turo, ba na Iceland ba, wannan na gaji da gani.

Koci na Fadaman Mada: Zan turo bayan la'asar. Kai kuma ka zo filinmu ranar Asabar da safe, in sa yaro ya kuroso maka irin ta Moses sau goma, mu ga nawa za ka tsayar.

Na Pantami: Koci, don Allah a ɗauka a waya a turo mana.